Na Raka Baba Sakkwato Neman Takardar Riƙe Ɓera

Tun ranar da aka koma makaranta Zulai da Rifkatu suka hana ni sakat. Da an tashi tara sai su zo su zauna a kan teburina, wai da gaske ne na je har Sakkwato don a koya wa babana yadda ake riƙe ɓera? Duk sanda na buɗe baki zan ba da labari sai 'yan aji su taru, ni kuwa in mutane suka wuce uku muryata maƙalewa take yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ta karanta da kanta, a bar ni in ci ƙosaina.

Ga wadda ba ta sani ba, babana Malam Bawa ya fi shekara ashirin yana kula da dabbobin gwaji a babbar makarantar da yake aiki a nan Zuru: zomaye, ɓerayen Masar, da fararen ɓeraye ƙanana masu jajayen idanu. Shi ke ba su abinci, shi ke wanke kejinsu, shi ke riƙe su in malamai za su yi musu allura. Ana nan sai aka kawo doka cewa duk wanda zai taɓa dabbar gwaji sai ya yi horo ya sami takardar shaida. Wanda bai samu ba, za a cire shi daga ɗakin dabbobi a mai da shi gadin ƙofa. Aka tura sunan Baba wata cibiyar bincike a Sakkwato, horon kwana goma.

Matsalar ita ce rubutu. Baba yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko sai a hankali, Turanci kuwa sai ɗan abin da kunne ya tsinta. Da yake ana hutu, Inna ta ce in bi shi in riƙa karanta masa takardu. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Kafin wannan tafiya ban tuna ranar da muka yi magana ta wuce gaisuwa da aike ba.

Mun tashi bayan sallar asuba a wata ƙaramar bas. A Dabai wata mata ta shigo da kaji huɗu a ɗaure, ɗaya ta kafa mini ido har Mahuta. A Koko aka tsaya muka ci waina. Na lura Baba ya ci biyu ya ture mini sauran, hannunsa na hagu kuma bai bar aljihun da wasiƙar gayyata take ba. Jega kuwa tun kafin mu shiga na ji ta a hanci, ƙamshin albasa ko'ina. Ni a zatona iyakar jiha wata babbar ƙofa ce. Ashe allo ne kawai da shingen bincike, da jami'ai a ƙarƙashin bishiya. Ɗaya ya leƙo ta taga, ya dubi hular Baba da jakarsa.

"Baba, ina za a je?"

"Karatu."

"Karatun me, da furfura haka?"

"Na ɓeraye," in ji Baba.

Motar nan kaf ta ɗauki dariya, har jami'in. Wani ɗan kasuwa a kujerar baya ya ce, "Malam, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Zo rumbuna ka kwana uku, ni zan ba ka digiri." Baba bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Ya ce, "Naka sata suke yi. Nawa aiki suke yi." Ni dai na sunkuyar da kai, amma a zuciyata na ji daɗin amsar.

Mun sauka a gidan Hajiya Kulu, yayar wani abokin aikin Baba. Baba ya sami ɗakin zaure, ni kuma ɗakinta. Mace ce mai jiki da murya, ba ta tambaya sai ta ba da amsar da kanta. "Ɗiyata, kin ci abinci? Ba ki ci ba. Kina shan hura? Kina sha." Kafin in ce uffan kwanon fura yana hannuna. A gida fura abin sha ce bayan tuwo, a gidan Hajiya kuwa ita ce abincin rana gaba ɗaya, da ludayi babba kamar na miya. Zafin garin kuma ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwan famfo da azahar ya isa a dama koko da shi. Na ga raƙuma suna tafiya a gefen kwalta ba wanda ya waiwaya ya dube su, sai ni.

Ranar farko aka mai da mu daga bakin ƙofa. Mai koyarwar, Dakta Asma'u, siririya ce mai tabarau, ba ta fi ƙanwar Inna shekaru ba. Tana duba sunaye sai ta tsaya, ta ja iska ta hanci.

"Wa ya sa turare?"

Ta bi layi har ta iso kan Baba. Abin da ya faru shi ne, daren da za mu taho Inna ta kifa kwando a kan kasko ta turara kayanmu kaf da turaren wuta, har hula da safa, don kada a ce mutanen Zuru sun zo birni suna warin hanya. Dakta ta yi bayani a hankali cewa ɓera da hanci yake gane duniya, ƙamshi mai ƙarfi yana firgita shi, in ya firgita kuma sakamakon gwaji yana canzawa. Muka koma gida na wanke kayan nan sau biyu. Hajiya Kulu tana tsaye a kaina tana tafa hannu. "Yau na ga abu! Amarya na neman ƙamshi, ɓera na korar shi." Amfanin ranar Sakkwato ɗaya ne: kafin in gama shanya na ƙarshe, na farko ya bushe.

Su goma sha biyu ne a ajin, yawancinsu samari da 'yan mata da suka gama jami'a. Baba ne kaɗai mai furfura. Dakta ta yarda in zauna a baya in riƙa rubuta masa darasi da Hausa, amma ta ce ɗakin dabbobi ba zan taka ba. "Ba don ke yarinya ba ce. Ko shugaban wurin nan, in ba shi da horo, a nan zai tsaya." Akwai gilashi mai faɗi a barandar ɗakin, ta nan nake kallo.

Ban taɓa sanin shiga wurin ɓera yana da ladubba haka ba. Sai an yi maka allurar rigakafi tukuna. Sai ka canza takalmi, ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka sa farar riga, da hula, da takunkumi, da safar hannu, kuma a jere, in ka tsallake ɗaya ka koma farko. A gida in an ga ɓera muciya ake nema. A can kuwa akwai kwamiti guda da ke zama kafin a taɓa ko ɗaya, su tambayi mai bincike: ba wata hanya sai da dabba? In dole ne, ba za a iya rage yawansu ba? Me ka tanada don kada su sha wahala? An koya musu gane ciwo a fuskar ɓera: ido ya ƙanƙance, kunne ya kwanta baya, gashi ya tashi, ya takure a lungu. An koya musu abin yi in ya cije ka, da yadda ake kawo ƙarshen wahalar wanda ba zai warke ba, ba tare da azaba ba. Ranar wannan darasin ba wanda ya yi wasa.

Akwai wani Mustafa, mai digiri, dogo, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya sa wa Baba suna "Shugaban ɗalibai". Da aka zo darasin ɗaga ɓera, aka fara da ɓeran roba, Mustafa ya ɗaga nasa yana yi masa jawabi da Turanci. Da aka kawo na gaske, ɓeran ya hau hannun rigarsa, sai ga Mustafa a kan kujera yana kiran sunan Allah. Baba ya miƙa tafin hannu kurum, ɓeran ya sauko ya zauna a ciki kamar an shimfiɗa masa tabarma.

Amma shi ma Baba an yi masa gyara. Shekara ashirin da wutsiya yake ɗaga su. Dakta ta ce yanzu an gane hakan yana tsorata su, gara a tura su cikin ɗan bututu ko a tallabe su da tafin hannu biyu. Baba ya ce, "To, Likita." Daga ranar ban ƙara ganin ya taɓa wutsiya ba.

Wahalarmu ita ce kati. Kowane keji yana da kati a jikinsa: lambar dabba, rana, nauyi, abin da aka gani, abin da aka yi, da sa hannu. Dakta ta ce jarrabawar baki za a iya yi wa Baba da Hausa, amma kati da hannunsa zai cika, domin in ya koma Zuru ba wanda zai tsaya a bayansa. Kullum bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a zaure. Na yanka kwali na zana katuna, na rubuta masa kalmomin Turancin da ake bukata, shi kuma ya rubuta ma'anarsu da ajami a gefe. Yana riƙe biro kamar alƙalamin kara, yana danna shi har kwalin ya huje. In ya yi kuskure ba na iya cewa ya yi kuskure. Sai in ce, "Baba, ko mu sake wani?"

"Duk wannan a kaina yake," yakan ce. "Na san kowane ɓera da fuskarsa."

A rana ta biyar abin ya faru. An raba su zagayen safe a ɗakin da ake ainihin bincike, aka ce su duba kawai, abin da suka gani su rubuta su faɗa. Ina bayan gilashi na ga Baba ya daɗe a gaban wani keji. Na ga ya sa hannu ya tallabo wani ɓera da ya takure, ya kai shi wani keji da ba kowa a can ƙarshen kantar da ake jera su, ya zuba masa sabon garin katako, ya gyara masa kwalbar ruwa. Ban ga laifi a ciki ba. Haka yake yi wa akuyarmu in ba ta da lafiya, ya ware ta daga sauran.

Da azahar Baba ya tafi masallaci. Sai ga mai binciken, wata ɗaliba, ta shigo auna ɓerayenta. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta fito da gudu. Nan take aka rufe ƙofofi. Mutum shida da fararen riguna suka durƙusa suna leƙa ƙarƙashin kantoci da tocila, Mustafa har da rarrafe. Ni na san inda ɓeran yake. Sau uku ina ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa gilashin, sau uku ina mai da shi. Wannan laifina ne, kuma na rubuta shi ne don kada a ce na ɓoye nawa na faɗi na Baba.

Baba ya dawo da tasbaha a hannu, ya tambayi abin da ake nema.

"Au, wancan? Ai ni na ware shi. 'Yan'uwansa suna cizonsa, ba shi da lafiya."

Dakta ta je ta duba ɓeran, ta daɗe. Sannan ta tara su duka a baranda, inda nake.

"Malam Bawa, gaskiyarka, ba shi da lafiya. Mu huɗu muka wuce kejin nan yau ba mu gani ba. Amma ka rubuta?"

"A'a."

"Ka gaya wa wani?"

"Na ga abin gaggawa ne, Likita."

"Ruwan da ke kejinsa na farko akwai magani a ciki, an auna. Ka ba shi ruwan famfo. Ba mu san awa nawa ya yi ba ya shan maganin ba, don ba a rubuta ba. Yanzu duk alluran da ya sha na mako uku sun tashi a banza, kuma sai an ɗauko wani ɓera lafiyayye ya fara daga farko. Tausayinka ya jawo wa wani allura." Ta cire tabarau ta goge. "In aka sake irin wannan, ba zan sa hannu a takardarka ba. Ba na so, amma ba zan sa ba."

Ba wanda ya yi dariya, har Mustafa. Da ma sun yi, da ya fi sauƙi.

Muka koma gida. Bayan la'asar na ɗauko tabarma na shiga zaure, sai na tarar yana ninke kayansa yana sawa a jaka. Ya sa takalmi a ƙasa, riguna a sama, wasiƙar gayyata a kan su.

"Uwata, haɗa kayanki. Gobe da safe za mu bi motar Koko. Gadi ma aiki ne."

Na shimfiɗa tabarmar duk da haka, na zauna, na jera katuna.

"Baba, saura kati huɗu ba mu yi ba."

"Ba ki ji abin da aka yi mini ba? A gaban yara?"

"Na ji." Ina kallon tabarma. "Mu a ajinmu kullum a gaban yara ake yi mana."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai na ji wani sauti, na ɗaga kai, ashe dariya ce yake ƙoƙarin dannewa. Ya zauna a bakin tabarmar, ya daɗe yana juya biro.

"Ba faɗan ne ya dame ni ba," ya ce. "Wancan ɗayan ne, da za a ɗauko. Yana can yana cin abincinsa, bai san na ja masa ba." Ya jawo kati ɗaya. "Yaya ake rubuta 'ba shi da lafiya'?"

Daga ranar muka ƙara da zaman safe kafin mu fita. Hajiya Kulu ta hana jikokinta wucewa ta zaure, tana cewa, "Ku bi ta baya, ɗalibi na karatu!" Mustafa ma ya canza. Da hutun rabin rana sai ya zo ya zauna kusa da Baba. "Shugaba, mu yi musaya. Ka koya mini yadda ba za su cije ni ba, in koya maka sikeli." Baba ya ce masa, "Kai ne kake riƙe numfashi in za ka kama. Suna ji. Yi numfashi kamar kana gidanku."

Ranar jarrabawa na manne da gilashi har goshina ya yi sanyi. Jarrabawar baki ba ta ba ni tsoro ba, na ji ta ƙofa Baba yana bayani Dakta tana cewa "ci gaba". Sai aka zo ta aiki. Kowa aka ba shi keji: ya shirya, ya duba, ya ɗaga, ya auna, ya cika kati. Baba ya wanke hannu, ya sa komai a jere. Ya tura ɓeran cikin bututu, ya ɗora a sikeli, ya mai da shi. Sai ya tsaya yana kallon gindin kejin. Ni ma na hango: garin katakon ya jiƙe a gefe ɗaya, kwalbar tana ɗiga. Hannunsa ya tafi wajen kwalbar. Ya kai rabin hanya ya tsaya a iska. Sannan ya sauka a kan biro.

Kowa ya gama ya fita, Baba yana rubutu. Harafi ɗaya, ya ɗaga kai, harafi ɗaya. Takunkuminsa yana shiga yana fita. Dakta ta dubi agogo sau ɗaya, sannan ta juya agogon ya koma cikin hannunta. Da ya gama ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare, ya nuna mata katin, ya nuna kwalbar. Ta karanta, ta gyaɗa kai, sai a lokacin ya canza ta.

Da aka kira sunansa washegari, Mustafa ne ya fara tafi yana ihu, "Shugaba! Shugaba!" Dakta ta miƙa masa takardar da hannu biyu, ta ce a gaban kowa, "Rubutu mun koya maka a kwana goma. Idon da kake da shi kuwa, ban san yadda ake koyar da shi ba." Baba ya karɓa bai duba ba, ya miƙo mini. "Uwata, karanta, ko sunana ne."

Dawowa ba ta da labari sosai, sai dai tayar da ta fashe kusa da Tambuwal, da buhun albasar da Hajiya Kulu ta tilasta mana, wanda na riƙe a cinya har Zuru. Mun iso da la'asar. Na ɗauka gida za mu wuce, sai Baba ya ce wa mai babur ya kai mu wurin aiki tukuna, yana so ya ga yadda aka bar masa su.

Ya shiga ya daɗe, ni ina zaune a kan buhun albasa a waje. Yana fitowa sai ga ogansu, wani babban malami da ke koyarwa a wurin, tare da baƙi biyu, zai nuna musu ɗakin. Ya ce, "Malam Bawa, an dawo? Madalla. Buɗe mana." Baba ya gaishe shi har ƙasa yadda ya saba. Sannan ya miƙe ya tsaya a tsakiyar ƙofa.

"Ranka ya daɗe, baƙin nan suna da horo?"

Ogan ya yi dariya. "Kallo kawai za su yi."

"To akwai taga ta baya, ana gani sosai." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Kai ma, ranka ya daɗe, ban sani ba ko taka takardar ta iso."

Ogan ya dubi baƙinsa, ya dubi Baba. Sai ya ce, "Tawa sai wata mai zuwa." Ya juya ya ce wa baƙin, "Ku zo mu zagaya ta taga."

Baba ya kulle ƙofar, ya sa makullin a aljihu, ya ɗauki buhun albasar ya saɓa a kafaɗa. Muka taho gida a ƙafa, yana gaba ina biye, ina riƙe da takardar a cikin hijabina don kada ta lanƙwashe.